Yankan Alhaji

Daren Laraba, Funtua.

Allah ya ƙara wa Alhaji, mai shagonmu na taki, basira. Bai taɓa kunna kwamfuta ba, amma shi ya zaɓi girman yankan da na'urar shagonmu ke raba bayanan manoma da shi a kan faifai huɗu da ke cikinta. Da injiniyan da ya haɗa na'urar ya tambaye shi babba ko ƙarami, cewa ya yi, "Yanka ƙanana, Malam, kamar naman layya, kowa ya samu."

To, kowa ya samu. Bayanin manomi ɗaya ya watsu a faifai huɗu, sai duk sun motsa kafin a ba shi takinsa. Yau wani dattijo daga Ƙarfi ya gaji da layi, ya leƙo tagar da nake sallamar manoma ya ce, "Ɗan nan, injin naka azumi yake?"

Na ce wa Alhaji ko a kasuwa ba a sa mutum huɗu awon tiya ɗaya. A ƙara girman yankan, kowane faifai ya sallami nasa manomin. Ya ce, "Gyara mana, amma kada ka taɓa abin da na zaɓa."

Injiniya ya ce canjin sai an goge komai, a sake zubawa daga kwafin da ke ajiye. Ajiyar nan kuwa ban taɓa gwada ta ba, ga manoman Tsiga jibi suna tafe karɓar taki. Na kwanta, na tashi, barci ya ƙi.

In an canja, na'urar ta yi sauri, basirar Alhaji ce. In sunayen manoma suka ɓace, wa ke zaune a bakin taga?