Tarwaɗar Baffa Sabo

Kusfa, Birnin Zariya

Zuwa ga Yaya Muntasir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Fa'iza da yara, da fatan damunar Ibadan ba ta takura muku ba. Mu nan lafiya lau, Iya ma tana gaishe ku.

Rubutowa na yi maimakon in kira, don ka san bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baba, kuma shanyewar ɓarin jikin nan bakinsa da hannunsa ta kama, ba ta taɓa kunnensa ba.

Akwatin gilashin da ka aiko ya iso lafiya. Na bi umarninka: na bar ruwan ya kwanta da injin iska a kunne kafin in je wurin Aƙilu, mai sayar da kifin ado a Sabon Gari. So ya yi in ɗauki ɗaya-ɗaya daga kowane launi. Na ce masa yayana ya ce iri ɗaya, masu yawa, masu tafiya a garke. Na ɗauko tetra goma sha biyu, masu shuɗin zane a gefe da ja wajen wutsiya, da kori huɗu, ƙananan nan masu gashin baki da ke kiwo a ƙasa ba ruwansu da kowa.

Yaya, ka san mahaifinmu. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin babbar riga ba ya iya kawar da ido daga zane mai tafiya. Idan garken ya juya lokaci guda, sai ka ga idonsa ya bi su. Yanzu da kansa yake nuna a tayar da shi zaune. Abin da ya fi, da hannun dama yake tsinto abincinsu daga gwangwani, hannun da likitan gashin ƙashi ya gaji da roƙonsa ya motsa. Idan sun ci, shi ma sai ya sha kokonsa.

Sai dai akwai wata magana. Labari ya kai wa Baffa Sabo can gonarsa a bakin kogin Galma cewa ƙanensa kifi yake kallo. Ranar Juma'a sai ga shi a keke da ɗan bokiti. Ya leƙa akwatin ya yi dariya, ya ce, "Jibril, waɗannan ai ƙwari ne. Ga kifi na Allah na kawo maka." 'Yar tarwaɗa ce, ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ya yi bismilla ya sake ta da hannunsa. Na buɗe baki, Iya ta harare ni, na rufe.

Na lallashi kaina da cewa tana kama da kori, gashin baki ɗaya, zama a ƙasa ɗaya. Ka gaya mini ko haka ne.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Radiya

Kusfa, Birnin Zariya

Yaya Muntasir,

Sallama da gaisuwa a gare ka da iyalinka. Allah ya sa kana lafiya. Mu kam jiki lafiya, hankali ne babu.

Amsarka ta iso, kuma gaskiya ka faɗa: duk abin da ya shiga bakin tarwaɗa abincinta ne, bakin kuwa kullum ƙara faɗi yake. Ka ce in cire ta nan take. Daga Ibadan wannan magana mai sauƙi ce.

Na gaya wa Iya. Ta ce ba a mayar da hannun kyauta baya, balle kyautar mutumin da ya riƙe Baba tun yana maraya, ya kai shi koyon ɗinki, ya yi masa aure. Ta ce in ina so a ce 'ya'yan Jibril sun yi boko sun raina dangin ƙauye, to in taɓa kifin nan. Baffa kuwa duk Juma'a yana hanya. Kafin ya tambayi jiki, akwatin yake fara dubawa, ya ce, "Ka ga 'yar tawa ta yi ƙiba? Ruwan gidanka ya karɓe ta." Baba sai ya gyaɗa kai. Ko lokacin da yake da baki bai taɓa musa wa yayansa ba, balle yanzu.

Tetra biyar suka rage. Kori biyu sun ɓace, ko ƙashi ban gani ba. Ragowar sun daina yawo, sun maƙale bayan dutse, shuɗin jikinsu ya koɗe. Aƙilu ya ce haka suke: in yawansu ya ragu tsoro ke kashe su, ko ba a cinye su ba.

Ba zama na yi ba. Na riƙa cika ta da hanta don ta ƙoshi ta ƙyale su, ruwan ya yi wari, sai da na sauya rabinsa. Na raba akwatin da ragar sauro, ta ture ta ta ƙasa. Na koma wurin Aƙilu ina roƙonsa ya ba ni wani kifin da zai iya zama da ita, ya ce akwai manya masu faɗa, amma su ma tetra za su fara ci, kuma ba sa tafiya a garke. Ya ce, "Hajiya, wannan ba kifin gilashi ba ce, ta tukunya ce."

Yaya, Baba ya daina miƙa hannu. Na kawo masa gwangwanin, ya dubi akwatin, babu abin da ke motsi sai ita, kwance kamar taɓarya. Ya juya fuska bango. Kokon safe yana komawa kicin kamar yadda ya fito. Likitan gashin ƙashi ya ce yatsun sun fara ƙagewa, kuma in suka ƙage a wannan karon da wuya su sake buɗewa.

Na yi tunanin in ce wa Baffa mutuwa ta yi. Amma wani bokitin zai kawo, wataƙila da biyu a ciki. Na yi tunanin in ce likita ne ya hana, to wane likita ne ke hana kifi zama a ruwa? Ba na barci sosai. Ina kallon hannun mahaifina yana mutuwa saboda kunya, kuma kowa a gidan nan ya san dalili, ba mai iya faɗa.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Radiya

Kusfa, Birnin Zariya

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da mutanen gida kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Juma'a da safe na kamo ta da matatar koko na sa a bokiti. Ta kusa kai tsawon tafin hannuna da yatsu. Tetra uku suka rage. Da na ji tsayuwar keke, na ɗauki bokitin na tari Baffa a zaure, na durƙusa na gaishe shi, sannan na gaya masa komai yadda yake, ban rage ba.

Ya leƙa cikin bokitin. Sai ya tambaye ni ko Jibril ne ya aiko ni. Na ce a'a, ni ce. Ya wuce ni ya shiga ɗakin, ya sunkuya gaban gilashin har ya hango ukun nan a bayan dutse. Ya dubi Baba, ya dubi hannun da ke kan bargo a dunƙule. Ya ce, "Ashe ni nake ta zuwa ina yabon ɓarna, kuna kallona kamar baƙo?" Baba ya runtse ido. Iya ta fito da tuwo tana ba shi haƙuri, ko kallon kwanon bai yi ba. Ya ɗauki bokitin da tarwaɗarsa a ciki ya fita. Ban taɓa ganin Baffa ya bar gidan nan bai ci abinci ba.

Tun ranar Iya ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ta ce na raba zumunci a kan ƙwari.

Washegari na wanke duwatsun, na sauya ruwa, na koma Sabon Gari. Aƙilu ya nuna mini wasu masu zanen damisa, kyawawa, na tambaya, ya amsa cewa suna cizon wutsiyar na kusa da su. Na ƙi. Na ce irin na da nake so, don ukun nan ba za su bi garken da ba nasu ba. Na kawo tara da kori biyu, na bar ledar tana yawo a saman ruwan har zafinsu ya daidaita kamar yadda ka koya mini, sannan na sake su.

Ranar farko Baba bai juyo ba. Na zauna a tsakar gida na yi kukan da ban yi ba tun kwanciyarsa, don na ga na kori Baffa a banza.

Yau da hantsi ukun suka fito suka shiga cikin sauran. Ina shara na ji yana buga gefen gado. Na tayar da shi, na miƙa gwangwanin. Yatsu biyu ne kawai suka buɗe, rabin abincin a tabarma ya zube, amma da hannun dama ne. Ya sha koko rabin kofi. Da ya gama ya dubi ƙofa, ya yi ta fama da harshensa har kalma ta fito, ya ce, "Yaya?"

Baffa yake nema, kuma Juma'a tana tafe. Ni mace ce, kuma ni na yi laifin, ba zan iya zuwa Galma ni kaɗai ba. Ka nemi hutu ka taho mu je tare mu durƙusa. Don Allah kada ka ce sai ƙarshen wata.

Wassalam.
Ƙanwarka mai jiranka,
Radiya