Kibiyar da Ta Nuna Malumfashi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mairo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Bilkisu, daga unguwar Jamaica a New York, daga ɗakin nan nawa na ƙasan bene, wanda kike cewa in na kira ki daga cikinsa sai ki ji kamar a cikin tulu nake magana.

Ƙara na kawo miki, Inna, kuma kaina na kawo ƙara.

Har kika rasu ba ki gane aikina ba. Maƙwabta kina ce musu, "Bilki gyaran agogo take yi a Amurka." Ba ki yi nisa da gaskiya ba. A ƙasar nan akwai mutanen da suke hawa ƙaramin jirgi, in ya yi sama su buɗe ƙofa su faɗo da gangan, sai sun kusa ƙasa su buɗe lema su sauka. Na san abin da za ki ce, ni ma na faɗa. To ni ina haɗa musu wata 'yar na'ura mai GPS da ake ɗaurawa a hannu. Tana nuna wa mutum nisansa da ƙasa da saurin faɗowarsa, kuma akwai kibiya a fuskarta da take nuna masa inda filin sauka yake. Kafin a ɗaura, sai an shigar mata da lambobin filin. Duk inda aka ce mata nan ne, can za ta nuna, ba ta gardama.

Da rana ina aikin gyaran na'urori kusa da filin jirgi. In na dawo sai na'urata. Teburin cin abincina ya zama na wayoyi da batir da dalma, ni kuma a tsaye nake ci. Maɗaurin ma a Canal Street nake sayowa wurin wani dattijo ɗan Maraɗi, kuma ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci ba maɗauri ne yake kai ni ba, so nake a ce mini sannu da zuwa.

Kin tuna ranar da na kwance rediyonki ina 'yar shekara tara? Kika zauna kina kallon kayan cikinta a baje a tabarma, kika ce, "Bilki, hannunki ya fi hankalinki sauri." Na yi ta jin haushin maganar nan har na girma. Ashe ajiye mini ita kika yi.

Akwai Rifkatu. Ba ki san ta ba, amma kin taɓa jin dariyarta a waya har kika tambaya wace ce wannan mai buɗaɗɗen maƙogwaro. 'Yar Kagoro ce, nas ce a wani asibiti, kuma tana cikin masu faɗowa daga jirgin nan. A jirgin ƙasa muka haɗu, ta ji ina faɗa da Yaya Sani a waya da Hausa, ta matso ta ce, "'Yar'uwa, ki bar shi haka, ya ji." Tun daga ranar ita take gwada mini na'urar, don ni ko tsani ba na iya hawa. Duk Asabar da safe takan sauko ɗakina mu sha shayi, sannan mu kama hanyar filin a motarta. A garin nan mai mutane kamar ƙasa, ita kaɗai ce take ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Da kika rasu ban zo ba. Takarduna suna hannun hukuma, in na fita ba dawowa. Kafin in gama kuka a waya har an kai ki. Rifkatu ce ta zo ta zauna da ni kwana uku, ita ce duk zaman makokin da na samu.

A satin ne na yi abin da ban gaya wa kowa ba. Na buɗe taswira na nemo gidanmu a Malumfashi, na gane shi da bishiyar darbejiyar ƙofar gida, na kwashi lambobinsa na shigar a na'urar. Kibiya ta juya ta tsaya tana nuna gabas, ta cikin bangon da firjina yake. Na daɗe ina kallonta. Daga nan kullum da ita nake fita a ƙarƙashin hannun riga. In na fito daga jirgin ƙasa sai in ɗaga hannun rigar in ga ta inda kike. Ranar Juma'a da yamma in mayar mata da lambobin filin, ranar Lahadi in mayar da ke.

Asabar ɗin da aka yi sadakar arba'in ɗinki, tun daga Juma'a waya take kunnena. Gwaggo ta kira, Yaya Sani ya kira, kowa da abin da yake so in ce. Rifkatu ta zo, na ɗaura mata na'urar da hannuna. Sabon fili za mu ranar, ba ta taɓa sauka a cikinsa ba, gonaki ne kewaye da shi duk iri ɗaya. Har na ja mata kunne na ce yau kibiyar muke gwadawa, ta bi ta kawai.

Ta bi ta, Inna. Ina tsaye a ƙasa na ga lemarta ja da fari ta buɗe, sauran duk suka juyo wajenmu, ita kuma ta ba mu baya ta miƙe gabas. A take na san abin da na yi, ban cire lambobin gidanmu na shigar da na filin ba. Na yi ta ihu ina ɗaga hannu kamar za ta ji. Kafin ta waiwaya ta gane filin yana bayanta, ta riga ta yi ƙasa da yawa. A gonar wani ta sauka, ƙafarta ta faɗa rami, idon sawunta ya karye.

Kafin a sa ta a mota na kwance na'urar daga hannunta na jefa a jakata. Hannun nan dai da kika faɗa. Da ta tambaye ni a asibiti, sai na ce tauraron ɗan Adam ne ya rikice, yakan faru. Ta ce, "Ba komai, Bilki, ai shi ya sa ake gwaji." Har ta yi mini dariyar nan tata. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yau sati bakwai ke nan. Tana gida da filasta da sanduna, matar da ba ta iya zaman minti biyar. Sau biyu na kai mata miyar kuka, na kasa haɗa ido da ita, sai na daina zuwa. Ta kira na ce aiki ya yi yawa, ta sake kira na bar wayar tana ringi. Yanzu ta daina kira. Ranar Asabar sai in ji jirage suna wucewa ta saman gidan ɗaya bayan ɗaya, ni da butar shayi. Kaɗaici ya ishe ni, Inna, kuma ni na jawo shi.

Jiya na goge gidanmu daga na'urar. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, lambobi ne kawai, amma na fi awa ɗaya yatsana yana kan maɓallin. Ji na yi kamar yanzu ne ake fita da ke. Na kuma gyara ta yadda in wurin da aka shigar ya yi nisa da inda mutum yake tsaye, za ta ƙi nuna komai. Tun farko ya kamata in yi haka, amma da na yi, da ba ta nuna mini ke ba.

Da kina nan da kin ce in sa mayafina in tafi in faɗa mata da bakina. Sau biyu ina zuwa bakin layinsu ina juyowa. Shi ya sa na rubuto miki a wannan shafin nawa na intanet da kowa yake gani. Rifkatu ba ta barin abin da na rubuta ya wuce ta, ko da gyaran batir ne. Ta bayanki na ɓuya, kamar yadda nake yi ina yarinya in na fasa wani abu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki. Allah Ya ba Rifkatu lafiya, Ya mayar da ita sama inda ranta yake so, ko da na'urar wani ce a hannunta. Ni kuma Allah Ya ba ni ƙarfin hawa matakalar gidanta.

An ce jibi Asabar za a cire mata filasta. Ban sani ba ko za ta buɗe mini ƙofa, amma zan je in ƙwanƙwasa.

'Yarki mai saurin hannu,
Bilkisu