Azurfata a Kan Katanga

Laraba da dare, Gyaɗi-Gyaɗi

Aikina ya lalace yau, kuma Inna ce ta lalata shi da kyakkyawar niyya.

Wuta ba ta tsayawa a ɗakin gwajinmu, shi ya sa na kwaso kwalaben na kawo gida. Ƙwayoyin azurfa ne a cikin ruwa, ƙanana har ido ba ya ganinsu. Idan koren haske kaɗai ya daɗe a kansu, siffarsu tana canjawa a hankali, ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma shuɗi. Shuɗin nan nake nema, don shi ne zai sauya launi idan aka ɗiga masa gurɓataccen ruwan rijiya. Na rufe su a kwali da koriyar fitila na tafi Tarauni gaisuwar rasuwa.

Da na dawo sai na tarar da su jere a kan katanga, kusa da kuɓewar da ta shanya. Duk sun yi toka-toka.

"Na ga haske suke so," in ji ta, "shi ne na fitar da su suka sha na Allah. Wannan 'yar fitilar me za ta yi musu?"

Na kwashe su na shige ɗaki. Malamin da ke duba aikina ya riga ya gaya min sinadarin nan shi ne na ƙarshe, kuma ban san da wane ido zan dube shi gobe ba.

Ɗazu ta leƙo tana tambaya ko ranar ta yi musu amfani. Na ce ta yi, Inna. Ta ji daɗi ta tafi ta kwanta.