Gadar Kara a Aji Biyar

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024
An gama bitar malamai a Dutsin-Ma. Wai mu koya wa 'yan firamare injiniyanci. Da kara da zare da kwali! Matar da ta koyar ta ce kada mu gaya wa yara amsa, mu bar su su gina, ya rushe, su sake. Na ɗaga hannu na ce, "Hajiya, to mu mene ne aikinmu?" Ta yi murmushi ta wuce. Har yanzu ban gane ba.

Litinin, 14 ga Oktoba
Na koma makarantarmu a Rawayau. Na raba 'yan aji biyar gida-gida, na ce kowane gida ya haɗa gadar kara tsakanin benci biyu, wadda za ta ɗauki bulo. Suka zauna suna jiran in rubuta a allo su kwafa. Ni ma ji na yi kamar in rubuta, amma me?
Hedimasta Malam Sa'idu ya leƙo, ya ga ɓawon kara ko'ina. "Malam Rilwanu, darasi ne wannan ko shara?" Na ce darasi ne, ranka ya daɗe.

Laraba, 16 ga Oktoba
An ɗora bulo. Duk gadojin sun karye. Ta su Hasana ce ta fara, ita da kullum take zuwa ta ɗaya a ajin nan. Yara suka fashe da dariya. Ta kife kai a benci har aka tashi. Nawa zan ba ta? Sifili? Ai an ce karyewar ma karatu ce.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Hasana ba ta zo ba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na gwada tawa a tsakar gida, don in san abin da zan nuna mata. Ta karye. Na ƙara kara, ta yi nauyi, ta lotsa tun kafin bulo. Matata Saudatu tana tsince wake tana kallona. "Malam, in kawo maka zare ko in kawo maka abinci?" Na ce duka biyun.

Talata, 22 ga Oktoba
Alhaji Mamuda, mahaifin Hasana, ya zo da kansa. Bai zauna ba. Ya ce yarinya ta ƙi cin abinci, tana cewa ita daƙiƙiya ce. "Karatu na turo ta, Malam, ga jarrabawar sakandare na tafe. In wasan kara ne, akwai shi a gona." Ya ce in ba a daina ba zai mai da ta Kurfi wurin gwaggonta. Na ba shi haƙuri. Ban iya kare abin ba, don ni ma ban tabbata ba. Hedimasta ya ce in yanke shawara kafin Litinin, ko a ci gaba ko a daina.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Hasana ta dawo, ido a kumbure. A gaban kowa ta ce, "Malam, kai ka san yadda ake yi?"
Na ce, "Ban sani ba. Tawa ma ta karye."
Ban taɓa faɗin haka a gaban aji ba. Na zaci za su raina ni. Sai ta ce, "A ina ta karye?" Na ce a tsakiya. Ta ce tasu ma. Ta ɗauko guntayen ta jera, ta kira 'yan gidanta, aka hau gardama ko ɗauri ne ko siririn kara. Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya tashi. Sabuwar da suka haɗa ta riƙe bulo ɗan lokaci, sannan ta karye. Hasana ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi a nemo kara mai kauri.
To wannan ci gaba ne ko me?

Lahadi, 27 ga Oktoba
Gobe zan ba Hedimasta amsa, kuma Alhaji yana jira. Ban san me zan ce ba.
Da la'asar, a hanyar Kurfi, na tsai da mashin a bakin wata gada, na gangara ƙarƙashinta ina duba inda aka tokare ta. Wani makiyayi ya tambaya ko wani abu nawa ne ya faɗi. Na ce a'a.
Ba wai abin ya shiga raina ba ne. Dubawa kawai na yi. Na dai zana ta a bayan hannuna, don yara.