Yardar Baaba

Litinin, 3 ga Mayu, 1971
Likita ya ce sai an yi wa Daada aiki a ciki, kafin ya wuce Lome ran Lahadi. Uwata ce, amma izinin na Baaba ne, shi kuwa yana ruga bayan Dapaong. Na ba Alassani direba saƙo da baki: a yi aikin?

Laraba, 5 ga Mayu
Ta kwana tana cewa a mai da ita gida. Na aiki Fuseini mai motar shanu wurin Baaba: in kawo ta gida?

Alhamis, 6 ga Mayu
Labarin da zan aika wa jarida a Lome yana nan rabi. Na je tasha, na dawo, na sake komawa.

Juma'a, 7 ga Mayu
Amsa ta iso ta bakin wani mahauci na unguwar Komah da ya gamu da Baaba a kasuwa. "Ya ce a gaya wa Awaisu ya yarda." Na ce, da wanne? Ya buɗe hannuwa: "Malam, ni nama na sani."

Al'adar Baaba, kowane saƙo da zarensa, ja ko baƙi, amsa ta dawo ɗaure da shi. Ni na ce aikin ƙauye ne, na aika biyu babu zare. Idan Alassani ne kaɗai ya same shi, aiki ya yarda a yi. Idan Fuseini ya riske shi, gida. Ruwa ya tsare motoci a garin Mango, ba wanda zan tambaya.

Asabar, 8 ga Mayu
Na zauna ina yi wa Daada lissafin wa ya riga wa isa. Ta bari na gama.
"Ɗan boko, cikin wa za a tsaga?"
Na ce nata.
"To har Dapaong kake neman mai shi?"
Ashe maganar komawa gidan ma tsoro ne ya sa ta yi ta, kada ta farka cikin baƙi. Ta ce in zan tsaya bakin ƙofa, a yi. Na sa hannu a takardar likita.

Talata, 11 ga Mayu
An yi aikin. Yau ta sha kunu, ta ce ba gishiri.
Alassani ya dawo, ya ce yana da cikakken bayani daga bakin Baaba. Na ba shi ruwa, muka yi hirar hanya da cikar kogi har la'asar. Ban tambaye shi ba tukuna.