Tsagen Daouda

Aubervilliers, 4 ga Maris 1984

Zuwa ga abokina Daouda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin Lyon, yaya aikin uzin, masana'antar taku?

Shekara talatin rabona da kai, sai jiya wani ɗan Maraɗi da ya zo sarin atamfa kantina ya ba ni adireshinka. Albishir nake maka. Wata ƙungiyar tsofaffin sojoji za ta baje zanen barkwancin da na riƙa yi wa jaridar bataliyarmu a yaƙin Indochine, guda arba'in, nan Paris, ran 28 ga Afrilu. Ni da aka kora daga lakwal a aji na biyu na kolej, yau sunana ne a kan katin gayyata. Ba wanda ya koya mini riƙon alƙalami, ba wanda ya ba ni jari. Ka zo ka ga kanka da ƙuruciya, Bagobiri, don rabin zanen fuskarka ce.

Ka huta lafiya.
Moutari

Saint-Fons, 15 ga Maris 1984

Baba Moutari,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da girmamawa. Ni ce Fatsima, 'yar Daouda. Idon Baba ya tafi shekara biyu ke nan, ƙirjinsa ma ya kwantar da shi, ni ke karanta masa wasiƙa.

Ya ce in tambaye ku abu ɗaya: cikin arba'in ɗin har da na sojan da ya yar da bindiga yana gudu, wando a gwiwa?

Ƙila ba ku san abin da ya biyo baya ba. Wani soja da aka sallama ya kai jaridar garinsu Tibiri kafin Baba ya isa gida. Ba mai karanta Faransanci a unguwar, amma kowa ya ga tsagen Gobirawa a kumatu da tabon da ya raba girar hagu, irin na Baba. Yara suka riƙa sauke wando in ya wuce. Kakana ya daina zama da shi a ƙofar gida. Wata biyar ya yi, ya dawo Faransa, bai sake komawa ba, ko da kakana ya rasu.

Ku huta lafiya.
Fatsima

Aubervilliers, 29 ga Maris 1984

'Yata Fatsima,

Bayan gaisuwa da yi wa mahaifinki sannu. Wasiƙa biyu na rubuta miki na yaga, don duk kare kaina nake a ciki.

Eh, yana cikinsu, shi ne ma a kan katin. Kapiten ne ya ce in zana matsoraci sojoji su yi dariya. Ni kuma ban taɓa iya zana fuska babu tsage ba. Turawa da hanci suke gane mutum a zane, ni da kumatu nake farawa, haka hannuna ya saba tun ina zana mutanen kasuwar Damagaram da gawayi. Shekara talatin ina gaya wa kaina hannu ne ya yi kuskure.

Ba kuskure ba ne. Ranar da aka yi mana kwanton ɓauna a gonar shinkafa, ni na yar da bindiga. Na zauna cikin ruwa ina kuka. Daouda ya saɓa ni a kafaɗa ya yi baya da ni, ya ce wa sarjan harsashi ne ya same ni. Da aka ce in zana matsoraci, na ji tsoron hannuna zai sa nawa tsagen, sai na sa nasa. Ya ga jaridar, ya dube ni.

Na janye zanen. Shugaban ƙungiyar ya ce an riga an buga kati, na ce to a baje ba tare da ni ba. Ga sabo nan cikin ambulan: mutum ɗauke da mutum, kowa da tsagensa, da sunayenmu a ƙasa. Hannuna ya tsufa, amma za a gane mu. In ya yarda, shi zan rataya a wurin wancan. Ki tambayar mini shi ko ya yafe.

Ki gaishe da mahaifiyarki.
Moutari

Saint-Fons, 12 ga Afrilu 1984

Baba Moutari,

Ina gaishe ku. Baba ya rasu ranar Litinin bayan azahar, an rufe shi a nan.

Wasiƙarku ta same shi da rai. Na karanta masa, na faɗa masa abin da ke cikin zanen. Ya sa na ɗora yatsansa kan fuskar wanda aka ɗauka, ya ce, "Tsagen wa ke nan?" Na ce naku ne. Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.

Sau biyu na tambaye shi ko ya yafe. Duka biyun amsa ɗaya ya ba ni: "Mutanen Paris ba su san tsagena ba. Moutari ya kai zanen Tibiri da ƙafarsa."

Ƙaninsa Illiassou na can Tibiri da rai, gidan na bayan masallacin Juma'a. Ga zanenku na mayar muku.

Ku huta lafiya.
Fatsima