Ni na ba da sirrin maganin ƙunar uwar mijina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina fatan kun wuni lafiya, ya gida, ya yara. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci. Na san na yi laifi, amma ba ni kaɗai na yi shi ba, wannan ne ke cin raina.

Ni matar aure ce a Gobarau, cikin Katsina, ɗana ɗaya. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, Hausa nake karantawa, Turanci kuwa sai dai in kalle shi. Uwar mijina, Inna muke ce mata, tana da maganin ƙuna da ta gada wurin uwarta. Man shafawa ne. Daga ƙauyuka ake kawo mata yaran da ruwan zafi ko wuta ta taɓa, kuma ba ta taɓa yanka wa kowa farashi ba. A gidansu ɗiya mace ake koya wa, ba a koya wa matar ɗa. Ƙanwar mijina, zan kira ta Larai, ita kaɗai aka koya wa. Ni daka ne nawa da wanke tukunya. In an zo haɗawa sai Inna ta ce, "Jeki duba girkinki." To amma ai ba makauniya ba ce ni. Na ga saiwar da wata Bafulatana take kawo mata, na ga kwana nawa take jiƙa ta a ruwan toka, na ga sai man kaɗanya ya huce take zubawa. Ban tambayi kowa ba, ido kawai.

Shekara uku da suka wuce ɗana ya jawo kofin kunu ya zube masa a ƙirji. Inna ta shafa masa maganinta, ciwon ya kama bushewa, amma hankalina bai kwanta ba. Ni haka nake, ko tari ya yi sai na ga kamar shi ke nan. Na saci jiki na kai shi asibiti. A can na haɗu da wani mutum. Ana ce masa Dakta, daga baya na ji ba likitan duba mutane ba ne, binciken haɗa magunguna yake yi. Ya daɗe yana kallon ciwon, ya tambayi abin da muke shafawa. Na ce na gida ne. Sai ya ɓata fuska ya ce, "Malama, kin san abin da ke ciki? Wasu tsofaffin har baƙin batir suke zubawa. Yau fata ta warke, bayan shekara biyu ƙoda ta lalace." Ku gaya mani, wace uwa ce za ta ji wannan ta yi shiru? Ya ce in faɗa masa komai zai auna a na'ura, don lafiyar yarona kawai. Na faɗa. Saiwar, ruwan tokar, kwanakin, duka. Har ɗan guntun saiwar na ɗebo masa a bakin zane bayan kwana biyu. A nan ba zan faɗi sunanta ba, faɗa ɗaya da na yi ta ishe ni.

Ya miƙo takarda da Turanci ya ce shaidar an duba yaro ce. Na rubuta sunana, na dangwala yatsa. Da zan tafi ya ba ni turmin atamfa, ya ce tukuicin haɗin kai. Na karɓa. Wallahi kunyar atamfar nan ta fi komai damuna, don na ɗinka, na sa, har Inna ta yaba ta ce kalar ta karɓe ni. Sakamakon awon kuwa har yau ban gani ba.

Bana aka fara tallan wani sabon man ƙuna a rediyo. Maigidana ya sayo a kemis don mu gani, a kwali mai kyau da hoton jariri. Inna ta matsa a yatsa, ta shinshina, ta ɗana a harshe. Sannan ta ce, "Wanga nawa ne. Turare kawai suka ƙara." Na tashi na shiga bayi.

Ba a daɗe ba takarda ta zo wa maigidana daga kamfanin da ke yin man. Maigidana yakan ajiye maganin Inna a ƙananan robobi a rumfarsa ta Babbar Kasuwa, saboda mutanen ƙauye da ba sa iya ƙarasowa gida. Takardar ta ce kamfanin, wanda ashe na Daktan nan ne, ya yi rajistar haɗin da sunansa, hukuma ta ba shi shaidar shi ya ƙirƙiro, kuma ba wanda zai haɗa ya sayar sai da izininsu. Ƙirƙira? Shi da bai san ko sunan saiwar ba sai da na gaya masa? Matar da ta yi shekara arba'in hannunta na cikin toka ita ce yau mai kwaikwayo, shi mai farar riga shi ne mai basira? Wace irin doka ce take sanin wanda ya riga kai takarda, ba ta san wanda ya riga sani ba? Kuma ya rasa ta inda zai shigo sai ta tsoron da nake ji wa ɗana. Ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba.

Amma ga inda nawa zaluncin ya fi nasa kusa. Mijin Larai kemis gare shi a Ƙofar Kwaya, don haka kowa ya ce ita ce ta fitar da sirrin. Ta zo gida tana kuka, ga tsohon ciki, haihuwar fari. A gabana Inna ta ce mata, "Ke kaɗai na hwaɗa wa. Mi suka ba ki?" Larai ta ce, "Inna, ki kawo Alƙur'ani in dafa." Inna ta ce, "Ba ki taɓa mani littahi. Tashi ki tahi, kuma ki nemi mai yi maki wankan jego, ba ni ba." Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Larai ta juyo ta ce da ni, "Anti, ke kin san halina, ki sa baki mana." Na ce, "Ki yi haƙuri, za ta huce." Abin da na iya faɗa ke nan. Ni da na san gaskiya.

Wani lokaci Innar ma haushinta nake ji. Da ta ɗauke ni 'yar gida ta ce mani ga abin da ke ciki, babu guba, da wa zai tsorata ni? Sai kuma in tuna ita ta warkar da ƙirjin ɗana, ko tabo babu, in rasa inda zan sa kaina.

Yanzu maigidana ya samo lauya. Kamfanin ya ce suna da takardar amincewa daga wata 'yar gidan, da sunanta da yatsanta, kuma ranar Litinin za su nuna wa lauyan. Jiya yana cin tuwo ya ce mani, "Ko wace ce, ko da uwa ɗaya muke, na gama da ita." Ya ɗauka ƙanwarsa yake nufi. Na ƙara masa miya.

In na yi shiru, Litinin takarda za ta faɗa, kuma za su san na bar Larai ta sha wannan wulaƙanci ina kallo. In na faɗa, ina ganin aurena ya ƙare, kuma a gidan nan ba a barin uwa ta fita da ɗa namiji. Larai kuma haihuwa ko yau ko gobe, ba ta da uwar da za ta riƙe ta. Na yi tunanin in fara zuwa wurinta, na yi tunanin in durƙusa gaban Inna kafin maigidana ya dawo kasuwa, na kasa ɗaga ƙafa. Kwana uku suka rage mani. Don Allah, wa zan fara gaya wa, kuma da wane baki? Me zan yi?